Fizgar ɓarin fuska: lokacin da take zama alamar ƙari a ƙwaƙwalwa, da yadda ake yi mata tiyata

Bahaushe ya saba da rawar ido. Idan fatar idon mutum ta ɗan motsa, sai a yi masa albishir cewa zai ga wanda ya daɗe bai gani ba, a yi dariya a wuce. Mafi yawan lokuta wucewar ce daidai, domin irin wannan rawa takan zo ne daga gajiya, ko ƙarancin barci, ko yawan goro da shayi da kofi, ta kuma tafi da kanta cikin kwanaki ko 'yan makonni. Sai dai akwai wata wadda ba ta tafiya. Takan fara a ƙasan ido ɗaya, ta yi watanni tana zuwa tana komawa, sannan ta gangaro kunci, ta kama gefen baki, wani lokaci har wuya, ta riƙa fizgar ɓarin fuskar gaba ɗaya ba da son mai ita ba. Wannan lalura ce ta jijiya, kuma sunan da likitoci suka ba ta yana nufin fizgar ɓarin fuska. A yawancin masu fama da ita, jijiyar jini ce take danne jijiyar fuska a cikin ƙoƙon kai. A kaɗan daga cikinsu kuwa, abin da ke dannewar ƙari ne. Duban ido ba ya bambanta waɗannan biyun, ko da idon ƙwararren likita ne. Hoton ƙwaƙwalwa ne ke raba gardama.

Ga mazaunin Talata Mafara ko Bakura ko Maradun, wannan hoto da tiyatar da ka iya biyo bayansa suna nufin tafiya, da kuɗi, da barin shago ko ofis ko gona a Bakolori na tsawon makonni. Saboda haka ya kamata mutum ya san rawar da za a ƙyale, da wadda ta cancanci a hau mota dominta.

Jijiyar da ke motsa fuska

Kalmar jijiya a Hausa tana ɗaukar abubuwa biyu da aikinsu ya sha bamban. Akwai jijiyar jini, wadda bututu ce da jini ke gudana a cikinta. Akwai kuma jijiyar saƙo, wadda ta fi kama da wayar lantarki, tana kai umarni daga ƙwaƙwalwa zuwa tsoka, ko ta kawo labari daga fata da ido da kunne. Jijiyoyin saƙo guda 12 ne suke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa a kowane ɓangare, dama da hagu. Ta bakwai a cikinsu ita ce ke da alhakin motsin fuska: rufe ido, ɗaga gira, murmushi, tsuke baki. Ita ce kuma ke kula da hawaye da wani kaso na yawu, da ɗanɗano a gaban harshe.

Wannan jijiya tana fitowa ne daga tushen ƙwaƙwalwa, wato sashen da ya haɗa ta da laka, can ƙasa ta wajen ƙeya. Daga nan sai ta ratsa wani ɗan lungu da ke tsakanin tushen da ƙaramar ƙwaƙwalwar baya mai kula da daidaiton tafiya, ta shiga wani rami a ƙashin kunne, ta ɓullo a ƙasan kunnen, ta rabu gida biyar a kan fuska. A cikin lungun nan ba ita kaɗai ba ce. Jijiya ta takwas, mai kula da ji da hana jiri, tana manne da ita, har ramin ƙashi ɗaya suke shiga tare. Ta biyar, mai kawo jin taɓi da zafi daga fuska, tana sama da su kaɗan. A ƙasa akwai masu kula da haɗiya da murya. Ga kuma jijiyoyin jini suna kewaya tsakaninsu. Duk wannan a wurin da bai fi ɗan yatsa biyu ba. Wanda ya gane wannan maƙwabtaka zai gane dalilin da ya sa likita yake tambayar mai rawar ido ko kunnensa yana ji sosai.

A daidai inda jijiyar fuska ta baro tushen ƙwaƙwalwa, rigar da ke rufe ta ba ta da ƙwari. Idan jijiyar jini ta kwanta a wurin, tana bugawa sau 70 ko 80 a minti, dare da rana, shekara da shekaru, sai rigar ta sale. Abin da ke faruwa daga nan kowane mai gyaran wuta ya san shi: wayoyin da robarsu ta saɓule suna taɓa juna, saƙon da aka aika wa ido ya tsallaka zuwa baki, wani saƙon ma ya tashi ba wanda ya aiko shi. Wasu masana suna ƙarawa da cewa cibiyar jijiyar a cikin tushen ƙwaƙwalwa ita ma takan zama mai saurin zabura saboda wannan tsokana ta kullum. Jijiyoyin jini sukan ƙara tsawo su lanƙwashe yayin da shekaru ke ja, musamman ga mai hawan jini, shi ya sa lalurar ta fi bayyana tsakanin shekara 40 da 60.

Ba ciwo ne mai yawa ba. Ƙididdigar da aka fi dogara da ita, wadda aka yi a wata gunduma ta jihar Minnesota a Amurka aka buga a 1990, ta samu kimanin mata 14 zuwa 15 da maza 7 a cikin kowane mutum 100,000. Wato mata sun ninka maza. Tun 1875 wani likitan Jamus, Friedrich Schultze, ya bayyana wani mutum mai shekara 56 da ɓarin fuskarsa na hagu ke fizga, wanda bayan rasuwarsa aka tarar da kumburarriyar jijiyar jini kwance a kan jijiyar fuskarsa.

Yadda ake gane ta

Alamarta ta farko ita ce ɓari ɗaya take kamawa. Ta biyu, daga ido take farawa ta gangara ƙasa. Ta uku, ba ta barci: iyalin mai ita sukan ga fuskar tana motsi ko da ya yi nisa cikin barci. Magana, da tauna, da gajiya, da shiga taro suna tayar da ita. Wasu sukan ji ƙas-ƙas a kunnen wannan ɓangare duk lokacin da fuskar ta fizga, domin akwai wata 'yar ƙaramar tsoka a cikin kunne da ke ƙarƙashin jijiyar. Akwai kuma alamar da likitan Faransa Joseph Babinski ya bayyana a 1905: yayin da idon ke rufewa, girar tana ɗagawa sama, abin da mutum ba ya iya yi da gangan. Yawanci babu zafi.

Rashin zafin nan ne yake sa a raina ta, alhali cutarwarta ba ƙarama ba ce. Idan ta yi ƙarfi, ido yakan kulle na daƙiƙoƙi, kuma mai ido ɗaya ba ya auna nisa daidai. Direba ko ɗan acaɓa a kan titin Gusau zuwa Sakkwato bai kamata ya ɗauki wannan da wasa ba. Ga kuma kunya. 'Yar kasuwa da ake zaton tana kashe wa mutane ido, ko ma'aikacin da ya daina magana a taron ofis, ko malamin da ɗalibai ke kwaikwayo, kowannensu yana ɗauke da nauyin da ba a rubutawa a katin asibiti.

Akwai lalurorin da ke kama da ita. Idan idanu biyu ne ke matsewa tare, kuma suna lafawa da barci, wannan wani ciwo ne dabam. Idan fuska ta taɓa shanyewa, baki ya karkace, ido ya ƙi rufuwa, sannan bayan an warke sai ido ya riƙa rufewa duk lokacin da aka yi murmushi, wannan jijiya ce da ta sake tsirowa ta bi hanyar da ba tata ba. Wasu magungunan taɓin hankali da na hana amai, idan an daɗe ana sha, suna sa baki da harshe motsi. Akwai farfaɗiyar da ke tsayawa a fuska kaɗai. Shanyewar ɓarin jiki kuwa farat ɗaya take zuwa, da raunin hannu ko ƙafa ko sarƙewar harshe, kuma ita a ranar ake garzayawa asibiti.

A garuruwanmu, fuskar da ke motsi da kanta ko ta karkace akan danganta ta da iska ko sammu, a fara da hayaƙi da rubutu, wani a kai shi wurin wanzami a yi ƙaho ko tsaga a gefen kunne. Babu mai hana mutum addu'a, kuma addu'a ba ta hana hoto. Amma askar wanzami ba ta kaiwa inda matsalar take, domin tana can bayan ƙashi. Abin da ake asara a wannan zagaye shi ne lokaci.

Inda ƙari ya shigo

A rahotannin manyan cibiyoyin tiyata, waɗanda ƙari ya jawo wa fizgar fuska ba su cika wuce mutum 1 zuwa 2 cikin 100 ba. Adadin kaɗan ne, kuma bai kamata duk mai rawar ido ya kwana da fargaba ba. Abin lura shi ne, ga wannan mutum ɗaya ko biyun, fizgar tana iya zama saƙo na farko da ƙarin ya aiko, tun yana ƙarami, tun cire shi bai yi tsanani ba.

Ƙari yana jawo fizga ta hanya uku. Ko ya danne jijiyar fuskar da kansa, ko ya tura jijiyar jini ta kwanta a kanta, ko kuma girmansa ya karkatar da tushen ƙwaƙwalwa har jijiyar ta miƙe ta ɗaure. Sanin wannan yana da amfani a ɗakin tiyata, domin likitan da ya cire ƙari bai duba ko akwai jijiyar jini a ƙarƙashinsa ba yana iya barin fizgar yadda ya same ta.

Yawancin ƙarin da ke fitowa a wannan lungu ba na daji ba ne, wato ba ya yaɗuwa zuwa huhu ko hanta. Illarsa ita ce matsi a wurin da babu sarari. Iri uku ne suka fi yawa. Na farko, wanda ya kai kusan kashi 80 cikin 100, yana tsirowa ne daga rigar jijiya ta takwas, ana kiransa shiwanoma. Yana girma a hankali, sau da yawa milimita 1 zuwa 2 a shekara, wani ma ya tsaya cak. Alamarsa ta farko raguwar ji a kunne ɗaya, da ƙara kamar ta ƙudan zuma ko shuuu da ba ta yankewa. Abin mamaki, duk da yawansa, bai cika jawo fizga ba. Jijiyar fuska takan jure masa har ta baje kamar zare a jikinsa. Na biyu shi ne meninjiyoma, mai fitowa daga fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, wanda ya fi kama mata masu matsakaicin shekaru. Na uku shi ne efidamoid, kuma shi ne ya fi yawan fitowa a rahotannin fizgar fuska idan aka kwatanta da ƙarancinsa.

Efidamoid ya cancanci ƙarin bayani. Da shi ake haihuwar mutum. A makonnin farko na ciki, lokacin da ƙwaƙwalwar ɗan tayi ke naɗewa, wasu ƙwayoyin fata sukan maƙale a ciki. Suna nan suna aikin da fata ta saba, wato saɓa, sai dai saɓar ba ta da wurin zuba, sai ta taru shekara 20 ko 30 ko 40. Idan likita ya buɗe, yakan tarar da abu fari mai sheƙi kamar lu'ulu'u, mai laushi kamar kakin zuma, ya kutsa kowane saƙo ya naɗe jijiyoyi. Shi ya sa matashi ɗan shekara 25 ko 30 da ɓarin fuskarsa ke fizga ya fi dattijo buƙatar a hanzarta yi masa hoto. A yara ƙanana kuwa, fizgar fuska abu ne da ba a saba gani ba, kuma tana iya nuna ƙari a cikin tushen ƙwaƙwalwar kansa.

Alamomin da ke sa likita ya ƙara zargin ƙari su ne waɗanda ke nuna an taɓa maƙwabtan jijiyar. Kunne ɗaya ya rage ji, har mutum ya lura kullum yana mayar da waya ɗaya kunnen. Jiri, ko tangaɗi a tafiya, musamman cikin duhu. Ɓarin fuska ya yi dindiris kamar an yi allurar cire haƙori. Rauni a fuskar tare da fizgar. Ganin abu biyu-biyu, ko shaƙewar murya, ko ƙwarewa wajen shan ruwa. Fizgar da ta fara daga baki ta hau sama maimakon ta gangaro. Akwai kuma wanda fizgar ke zuwar masa tare da zafi mai kama da jan wutar lantarki a kunci ko muƙamuƙi, wanda sau da yawa akan ɗauka ciwon haƙori ne har a cire haƙoran da ba su da laifi. Harvey Cushing na Amurka ya bayyana haɗuwar waɗannan biyun tun 1920. Idan ƙarin ya girma ya toshe hanyar ruwan ƙwaƙwalwa, sai ciwon kai mai tsanani da asuba, da amai, da dishi-dishin gani, da yawan barci. Wanda ya kai wannan mataki ba ya jiran ranar kasuwa ko ƙarshen wata.

Ba a san abin da ke jawo yawancin irin wannan ƙari ba a wurin mutum ɗaya ɗaya, amma an san ba ya yaɗuwa daga wani zuwa wani, kuma ba abinci ke kawo shi ba. Akwai wata lalurar gado da ke sa shiwanoma a kunnuwa biyu tun ana matashi. Zargin da ake yi wa wayar salula kuwa, manyan binciken da aka yi ba su tabbatar da shi ba.

Hoto

Hoton da ake buƙata shi ne MRI, tare da allurar da ke haska ƙari, kuma a nemi a duba lungun jijiya ta bakwai da ta takwas da yanka sirara. Hoton CT ya fi sauƙin samu da araha, yana kuma nuna babban ƙari da taruwar ruwa, amma ƙashin da ke kewaye da wurin yana dushe shi, ƙaramin ƙari yana iya ɓuya. Efidamoid ya fi kowanne iya ɓuya, domin a hoto yakan yi kama da ruwan ƙwaƙwalwa. Akwai wani salo na musamman a MRI da ke sa ya haska fari, kuma likitan da ya yi zarginsa zai rubuta a yi shi. Saboda haka takardar CT da ta ce ba a ga komai ba ba ta rufe magana.

Na'urar MRI babban maganaɗisu ce. Dole ne a gaya wa ma'aikata idan akwai ƙarfe a jiki: na'urar bugun zuciya, ko ɓarɓashin ƙarfe a idon maƙeri da mai walda, ko harsashi da ya maƙale, wanda abin takaici ba baƙon abu ba ne a wannan yanki a shekarun nan. Akan kuma duba lafiyar ƙoda kafin allurar. Gwajin ji a sashen kunne yana da muhimmanci kafin kowace tiyata, domin a san abin da ya rage a kuma yi ƙoƙarin tsare shi.

Magani ba tare da tiyata ba

Idan hoto ya nuna babu ƙari, fizgar ba ta kisa, kuma mai ita yana da zaɓi. Ƙwayoyin farfaɗiya irin su Tegretol suna ɗan rage wa wasu, amma amfaninsu kaɗan ne, suna sa jiri da barci, wani lokaci da mummunan ƙurji a fata, don haka ba na saye a kemis ba ne. Abin da ya fi aiki shi ne allurar Botox, wadda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 1989. Ana ɗiga ta kaɗan kaɗan a tsokokin da ke fizga, ta sassauta su. Tana taimaka wa mafi yawan waɗanda aka yi wa, sai dai ƙarfinta wata 3 zuwa 4 ne, a sake. Tana da tsada, kuma a hannun wanda bai ƙware ba takan sa fatar ido ta faɗo ko baki ya karkace na 'yan makonni. Babban kuskure shi ne a fara allurar ba a yi hoto ba: fuska za ta lafa, ƙarin kuwa ya ci gaba da girma ba mai tsawata masa.

Tiyata

Tiyatar raba jijiyar jini da jijiyar fuska tana da tarihi. James Gardner na asibitin Cleveland ya ba da rahoton irinta a 1962, amma wanda ya kafa ta shi ne Peter Jannetta, wanda ya fara yin ta da madubin tiyata mai ƙara girman abu a 1966, ya kuma shafe shekaru a Pittsburgh yana kare ta daga takwarorinsa da suka ƙi yarda cewa bugun jijiyar jini zai iya jawo wannan duka. Ya rasu a 2016, bayan aikin ya zama ruwan dare a duniya.

Ana sa majiyyaci barci gaba ɗaya, a kwantar da shi a gefe, a aske bayan kunne. Ana yanka fata kamar tsawon ɗan yatsa, a buɗe ƙashi faɗin santimita 2 zuwa 3, a tsaga fatar ƙwaƙwalwa, a bar ruwa ya ɗan tsiyaye domin ƙaramar ƙwaƙwalwa ta janye da kanta. Ba a yanka ƙwaƙwalwar. Ta gefenta ake bi. Da madubi likita zai gano jijiyar jinin, ya ɗaga ta a hankali, ya sa ɗan audugar Teflon tsakaninta da jijiyar fuska. A cibiyoyin da ke da kayan aiki, akwai na'urar da ke sauraren jijiyar ji da ta fuska a duk tsawon aikin, tana gargaɗi idan an ja su da yawa. A hannun ƙwararru, kimanin 85 zuwa 90 cikin 100 suna rabuwa da fizgar. Wasu suna farkawa babu ita, wasu kuwa sai ta ɗauki makonni ko watanni, har shekara, kafin ta ɓace, don haka ba a gaggawar cewa aiki bai yi ba. Haɗarin da aka fi tsoro shi ne kurumcewar kunnen wannan ɓangare, wanda ke samun kamar mutum 2 ko 3 cikin 100. Mutuwa tana ƙasa da 1 cikin 100.

Idan ƙari ne, ƙofar shiga yawanci ita ce dai ta bayan kunne, amma aikin ya fi tsawo da nauyi, yana iya cin awa 6 ko fiye. Likita yakan fara rarake cikin ƙarin, kamar yadda ake ƙwaƙule duma, har ɓawon ya saki, sannan ya ɓanɓare shi daga jijiyoyi kaɗan kaɗan. Idan kunnen ya riga ya mutu, akwai hanyar da ake bi ta cikin ƙashin kunnen kansa, wadda William House ya inganta a Los Angeles a shekarun 1960. Efidamoid yana da sauƙin tsotsewa, amma siririyar jakarsa takan manne wa jijiyoyi da tushen ƙwaƙwalwa. A nan ne hukuncin likita yake da nauyi: ya cire duka ya jefa fuska da haɗiya cikin haɗari, ko ya bar ɗan ɓawo ya riƙa bibiya da hoto. Likitoci da yawa a yau sun fi son na biyun, kuma iyali su sani cewa barin ɗan saura da gangan ba gazawa ba ce. Idan ruwa ya riga ya taru, akan fara sa siririn bututu da ke kai shi ciki, ko a buɗe masa wata hanya, kafin babban aikin.

Girman ƙari shi ne ya fi komai yanke hukunci a kan sakamako. Ƙaramin shiwanoma ana iya cire shi fuska ta tsira, wani lokaci har da ji. Wanda ya wuce santimita 4 kuwa, ji yawanci ya riga ya tafi, kuma haɗarin shanyewar fuska ya ƙaru sosai. Abin da tiyata ta fi iyawa shi ne tsare abin da ya rage. Ba ta cika dawo da abin da ya ɓace ba.

Ba kowane ƙari ake yanka ba. Ƙarami a jikin dattijo ana iya sa masa ido da hoto lokaci lokaci. Shiwanoma ko meninjiyoma da bai wuce santimita 3 ba ana iya ƙona shi da haske mai ƙarfi da ake tattarawa a wuri ɗaya, da na'ura irin Gamma Knife da Lars Leksell na Suwidin ya ƙirƙiro a 1968. Akwai ta a Masar da Indiya, inda 'yan Nijeriya suka saba zuwa jinya. Ba ta cire ƙarin, tana tsayar da girmansa ne, kuma ba ita ce maganin efidamoid ba.

Daga Mafara zuwa ɗakin tiyata

Tiyatar ƙwaƙwalwa ta fara a Nijeriya a 1962, lokacin da Latunde Odeku ya dawo daga Amurka ya kafa sashenta a Asibitin Koyarwa na Ibadan. Har yau likitocin wannan fanni ba su kai 200 ba a ƙididdigar shekarun baya-bayan nan, ga al'ummar da ta haura miliyan 200, kuma yawancinsu suna manyan birane. Ta wannan fuska mutanen yammacin Zamfara suna da ɗan sa'a. Talata Mafara tana kan babban titin Gusau zuwa Sakkwato, Bakura ma ta fi kusa da Sakkwaton, kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana da Cibiyar Tiyatar Ƙwaƙwalwa ta Yanki, wadda sunan Farfesa Bello Bala Shehu ya shahara da ita, ta kuma horar da likitoci da dama da ke aiki a Arewa. Akwai irin wannan sashe a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da Babban Asibitin Ƙasa a Abuja.

Matakin farko shi ne babban asibitin garinku, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura a Gusau, inda likita zai duba ya rubuta takardar turawa. Fizga takan ɓuya a gaban likita, saboda haka a ɗauke ta a bidiyon waya, har da lokacin barci idan da hali. A rubuta watan da ta fara, da duk maganin da aka sha, na asibiti da na gargajiya. Kafin a kama hanya a bincika ranar da likitocin ƙwaƙwalwa ke ganin marasa lafiya da kuma ko na'urar hoto tana aiki, domin tafiyar banza a hanyar da ba a bin ta da dare asara ce biyu. Ma'aikacin gwamnati ya tambayi abin da inshorar lafiyarsa ta ƙunsa, ya kuma nemi lambar amincewa tun kafin hoto. Ɗan kasuwa da manomi sukan ce sai bayan girbi ko bayan Salla. Ga fizgar da ba ta da wata alama wannan jinkiri ba ya kisa, amma ga wadda ta zo da kurumta ko tangaɗi ko ciwon kai, kowane wata yana da farashi.

Majiyyaci yana da haƙƙin tambayar likita sau nawa ya yi irin wannan aiki, da ko akwai madubin tiyata da na'urar sa ido a kan jijiya, da abin da zai faru ga ji da fuska. Likitan kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi.

Bayan aiki akan kwana ɗaya ko biyu a ɗakin kulawa ta musamman, sannan kwanaki a ɗakin jinya. Ciwon kai da jiri na kwanakin farko abu ne da aka saba. Abin da ba a jira da shi bayan an koma gida shi ne ruwa garai mai gishiri-gishiri da ke ɗiga daga hanci ko daga ɗinki, ko zazzaɓi da sanƙarewar wuya, domin alamar yoyon ruwan ƙwaƙwalwa ne ko sanƙarau. Wasu fuskarsu takan yi rauni mako ɗaya ko biyu bayan tiyata, ta kuma dawo daidai da kanta. Idan ido ba ya rufuwa, a riƙa ɗiga masa maganin jiƙa ido da rana, a rufe shi da filasta da dare, a sa tabarau a kan babur da lokacin hunturu, domin ƙurar Disamba da Janairu tana iya yi wa buɗaɗɗen ido gyambo cikin 'yan kwanaki. Wanda aka bar wa saura na ƙari kuwa zai riƙa komawa hoto bisa jadawalin da likita ya tsara, da farko bayan 'yan watanni, daga baya shekara shekara. A adana faifan hoto na farko da takardar sakamakon gwajin ƙarin, domin da su za a auna duk hoton da zai biyo baya.